Shin Ko Kun San? Sirrin Iri, Daga Rumbun Birnin Tudu Zuwa Ɗakin Bincike

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato da rani, in ya iso Talata Mafara zai ga abin da ke sanyaya ido. Daji ya bushe ƙayau, amma a filayen Bakalori shinkafa ta yi kore shar. In aka tashi yabo, ruwa ake fara yaba wa, sannan taki, sannan ƙwazon mai gona. Iri kuwa, wanda shi ne uban tafiyar, ba a cika tunawa da shi ba. Filinmu na yau nasa ne: inda ya fito, yadda ake kyautata shi, da tsirran da ke ɗauke da tattalin arzikin gidajenmu. Bismillah.

DAGA BAKIN GULBI

Shin ko kun san an fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala ta a 1978? Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. An tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ta shayar da hekta 23,000 a yankunan Talata Mafara, Bakura da Maradun. Kusan kashi biyu cikin uku na filin da injin feshin ruwa aka tsara shayar da shi, sauran kuma ta magudanai.

Shin ko kun san sunan Birnin Tudu ya shiga tarihin noman Najeriya ta hanya mai ɗaci? Lokacin da ake baje ƙasa domin aikin, manoma sun rasa gonaki da itatuwan amfani, wasu suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka rasu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu. Abin da ya faru ya isa ishara: duk aikin gona da aka tsara ba tare da jin ta bakin mai gona ba, da kuka yake ƙarewa. Ƙa'idar nan ta shafi ruwa, ta shafi iri.

Shin ko kun san madatsar ta sauya abin da ake shukawa har a garuruwan da ke can ƙasa da ita? Da ambaliyar shekara-shekara ta ragu a fadamun gulbin Sakkwato, manoma da yawa sun bar shinkafar fadama suka koma gero da dawa. Kowane iri da ruwan da ya saba da shi. In ruwan ya sauya hali, irin da kakanni suka rena shekaru aru-aru sai ya rasa wurin zama.

Shin ko kun san Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tana da tashar binciken noman rani a Talata Mafara? Ga mai kyautata iri, ruwan rani riba biyu ne, domin yana iya shuka zuriya biyu a shekara ɗaya. Da wannan dabara Norman Borlaug ya rage rabin lokacin aikinsa a Meziko: ya girbe alkama a Sonora, ya kai ta tsaunukan Toluca ya sake shukawa a shekarar. Gajeriyar alkamar da ya fitar ta ciyar da miliyoyi a Indiya da Pakistan, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

MALAMIN FARKO

Shin ko kun san mai kyautata iri na farko manomi ne? Na taɓa bin wani dattijo gona ana saura kwana biyu girbi. Yana tafe yana duba zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya. Sai ya lanƙwaso ta, ya murza da babban yatsa, ya dubi cikar ƙwaya, ya dubi karan ko tsutsa ta huda shi. Wadda ta yi masa sai ya yanke ya saka a taska. Na ce, "Baba, ga waccan ta bakin hanya ai ta fi girma." Ya ce, "Yaro, ta bakin gona da iskar maƙwabta take aure. Iri daga tsakiya ake ɗauka." Damin nan daban aka ɗaure shi, aka rataye a ƙololuwar rumbu, kuma ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi. Wannan zaɓe da baba ke yi shi ne darasin farko da ake koyarwa a jami'a a fannin kyautata iri.

Shin ko kun san gero ɗan gida ne? Masu tonon tarihi sun samu alamar geron shuka mai shekaru kimanin 4,500 a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali. Kakansa ciyawar daji ce mai zubar da ƙwaya da zarar ta nuna. Mutanen da suka yi ta ajiye wadda ƙwayarta ke manne a zangarniya su ne suka ba mu fura da tuwo.

Shin ko kun san kalmar shibra ta shiga littattafan kimiyya na duniya da sunanta na Hausa? Shibra ita ce geron nan da ke tsirowa a gona da siririyar zangarniya, ya riga saura nuna, ya kakkaɓe ƙwayarsa a ƙasa. Jinin geron daji ne ke dawowa a cikinsa. Manomin da ke cire ta kafin ta yi bununi yana tsare tsabtar irinsa ne.

Shin ko kun san dawarmu ta kaura ta yi tafiya har Amurka? A shekarun 1950 masu bincike suka ɗauki kaura daga Arewacin Najeriya saboda launin rawaya da ke cikin ƙwayarta, suka haɗa ta da nasu irin. Ita dawa asalinta gabashin Sudan ne, inda aka fara noma ta shekaru kusan 5,000 da suka wuce.

Shin ko kun san dawar gargajiya tana lissafin tsawon yini? Ko an shuka farafara da ruwan fari, ko an makara da mako uku, kusan lokaci ɗaya za ta yi huda, daidai da ɗaukewar ruwa a yankin da ta saba. Gajartar yini ce ke ba ta alama. Shi ya sa ƙwayarta ke nuna cikin bushewa, ba ta yin fumfuna. In aka kai irin Zariya Maradun, agogonsa ba zai zo daidai da ruwan Maradun ba.

Shin ko kun san masara, gyaɗa, rogo, dankali, tumatir da barkono duk baƙi ne daga nahiyar Amurka? Ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Masana harshe da dama na danganta sunan masara da ƙasar Masar, ta inda ake jin ta biyo zuwa ƙasar Hausa. 'Yan gida su ne gero, dawa, wake, gujiya, acca, yakuwa da jar shinkafar fadama.

NAMIJI DA MACE A GONA

Shin ko kun san kowane gashi ɗaya na gemun masara ƙwaya ɗaya yake wakilta? Furen da ke ƙololuwar kara shi ne namiji, goyon kuma mace. Iska ke kaɗo garin furen ya sauka a gemu. Gashin da bai samu ba, gurbinsa zai fito wayam a jikin totuwa. In kun ga masara mai giɓi, ku tambaya ko fari ya same ta a makon da take fure. In kuma kun ga rawayar ƙwaya a cikin farar masara, saƙo ne daga gonar maƙwabci.

Shin ko kun san gero yana gudun auren gida? A zangarniya ɗaya, ɓangaren mace ke fara fitowa, sai bayan 'yan kwanaki bununin namiji ya biyo baya. Kafin nan iska ta riga ta kawo na wani. Dabino kuwa ya raba gida gaba ɗaya: akwai bishiya namiji, akwai mace. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) mutanen Madina ke hawa su yi masa barbara da hannu, kuma har gobe haka masu dabino ke yi.

Shin ko kun san shinkafa, alkama, wake da gyaɗa su ke yi wa kansu barbara? Namiji da mace suna cikin fure ɗaya, aikin yakan gama kafin garin wani ya iso. Wannan ne dalilin da ya sa irinsu ke daɗewa a hannun manomi bai sauya ba, sai dai in an cakuɗa shi a masussuka ko a buhu. Gyaɗa ma tana da nata abin mamaki: a sarari take fure, sannan ta tura tsinke cikin ƙasa ta yi 'ya'ya a ɓoye.

Shin ko kun san rogo, rake da dankali kwafin uwarsu ne? Tunda kara ko yaɗo ake dasawa, babu wani sabon jini da ke shiga. Alherin uwa na bin su duka, cutarta ma haka. Mangwaron aure ma wannan hikimar ce: a ɗauko reshen mai daɗi a ɗaura a kan kututturen mai ƙarfin saiwa. Da irin wannan aure aka haɗa magaryarmu da ta Indiya, ta koma tana ba da 'ya'ya manya da ake sayarwa a Nijar da sunan tuffar Sahel.

ƘA'IDOJIN GADO

Shin ko kun san dokokin gado a lambun wani malamin coci aka gano su? Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yau, ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana haɗa wani nau'in waken Turai. Ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya shuka jikoki, sai ya ƙirga dogaye 787 da gajeru 277, wato uku bisa ɗaya. Ashe gajartar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Ya buga sakamakon a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Shin ko kun san dalilin da ya sa ba a maimaita shuka iri mai aure? Ana samar da shi ne ta haɗa iyaye biyu tsarkaka da aka daɗe ana tacewa. Ɗan fari yakan fi iyayen duka biyu ƙarfi da yabanya, abin da George Shull ya bayyana a kan masara a 1908. Amma in aka ɗebi iri daga girbinsa, halayen da suka ɓuya sai su watse: wannan dogo, wancan gajere, wani ya nuna, wani ɗanye. Sai ka ji ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali lissafin Mendel ne ke aiki. Masarar da ba ta aure ba kuwa ana iya maimaita ta damina biyu zuwa uku, in an zaɓa daga tsakiyar gona.

Shin ko kun san fitar da sabon iri kan ci kusan shekara goma? Da farko a nemo iyaye, wannan mai jure fari, wancan mai yawan 'ya'ya. A haɗa su da hannu, da ɗan hantsaki da jakar takarda. A shuka dubban jikoki a zubar da mafi yawansu. A ci gaba da tacewa zuriya shida ko bakwai har hali ya zauna. Sannan a gwada a tashoshi daban-daban, a gwada a gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya yarda a sa masa suna a sake shi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Shin ko kun san girman zangarniya kaɗai ba ya nuna kyan iri? Abin da ido ke gani haɗin abu biyu ne: gado da reno. Karan da ya tsiro a kan tsohon juji zai yi ƙato ko da irinsa na banza ne, kuma ba zai gadar wa 'ya'yansa jujin ba. Shi ya sa masu bincike ke maimaita iri ɗaya a fuloti uku ko huɗu, a garuruwa da dama, domin su raba aikin jini da aikin taki.

Shin ko kun san dogaro da iri ɗaya na iya rusa arzikin ƙasa? A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Najeriya. Ta zo a kan gaɓar farin shekarun 1970, kuma tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. A 1970 ma wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda yawancin irinsu uwa ɗaya suka haɗa. Manomin da ke shuka gero, dawa da wake a gona ɗaya ya daɗe da sanin maganin wannan.

SUNAYEN DA KE JIKIN BUHU

Shin ko kun san ma'anar SAM da kuke gani a buhun iri? Samaru ke nan, inda aka fara binciken gona a 1922, cibiyar ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. SAMSORG dawa ce, SAMMAZ masara, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. Shinkafa mai suna FARO ta cibiyar Badeggi ce a Jihar Neja. Gero da alkama kuwa suna hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.

Shin ko kun san shinkafar da manoman rani ke kira Sipi daga Taiwan ta fito? Sunanta na rajista FARO 44, kuma Sipi guntun lambar da ta zo da ita ne. Gajarta da saurin nuna da ƙwaya mai tsawo su suka sa masu casa ke son ta, ta mamaye filayen ban-ruwa na Arewa.

Shin ko kun san an taɓa ɗaura aure tsakanin shinkafar Afirka da ta Asiya? Jinsi biyu ne mabambanta, 'ya'yansu kan fito ba ƙwaya. Dakta Monty Jones, ɗan Saliyo, ya shawo kan matsalar a shekarun 1990, aka samu NERICA, wadda ta ɗauko juriyar ta Afirka da yawan 'ya'yan ta Asiya. An ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2004. A 2017 kuma Najeriya ta saki FARO 66 da FARO 67, masu iya kwana kusan mako biyu a ƙarƙashin ambaliya su tashi. Halin nan daga wata tsohuwar shinkafar ƙauye ta Indiya aka ɗauko shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shin ko kun san geron SOSAT haɗin gero da maiwa ne na ƙasar Mali? Daga sunayensu na can, Souna da Sanio, aka haɗa sunan. Najeriya ta sake shi a 2000, ya samu karɓuwa saboda saurin nuna da jure cutar da ke mayar da zangarniya ganye. A 2018 Nijar ta saki wani gero mai suna Chakti, wanda aka zaɓa musamman domin yawan sinadarin ƙarfe, maganin ƙarancin jini ga mata da yara.

Shin ko kun san tushen wuta-wuta (ƙuduji) ɗaya na iya zubar da ƙwaya dubun-dubata, su kwanta a ƙasa sama da shekara goma? Ba sa tsirowa sai sun ji ƙanshin saiwar dawa, gero ko masara. Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya fitar da dawar da saiwarta ba ta cika fitar da wannan ƙanshi ba, ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2009. Waken soya da auduga kuma yaudarar ƙudujin suke yi: su tashe shi daga barci, ya tsiro ya rasa abin kamawa, ya mutu.

Shin ko kun san Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye? Babbar abokiyar gabarsa ita ce tsutsar da ke huda fure da kwanso, wadda kan cinye har kashi 80 cikin ɗari. A Disambar 2019 aka saki SAMPEA 20-T, wanda ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru ya samar ta hanyar dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. A Janairun 2024 masarar TELA ta biyo baya. Ana ci gaba da muhawara a ƙasa kan irin wannan fasaha, kuma haƙƙin manomi ne a faɗa masa a fili abin da ke cikin buhun da zai saya.

ITATUWAN DA KE CIYAR DA GIDA

Shin ko kun san gawo na yin akasin sauran itatuwa? Da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki. Da rani ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya haɗa kai da manoma suka riƙa renon tohon kututture maimakon sare shi, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar.

Shin ko kun san kakanninmu sun yi zaɓen iri har a kan itatuwa? In ana sassabe, ɗorawa mai yawan kalwa, kaɗanya mai zaƙi da kuka mai daɗin ganye su ake bari. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, don haka wanda ya sare ta ya sare abincin jikokinsa. Man kaɗe yau yana cikin cakulan da man shafawa a Turai. Daga nan za a gane dalilin da ya sa diyyar itatuwa ta zama babbar magana a Bakalori.

Shin ko kun san bagaruwa ce sirrin jimar fatar jan akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan Maroko? Ƙaron daƙwara yana shiga lemon kwalba, alewa da magunguna, kuma Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi. Zoɓon Jigawa da Kano har Meziko ake kai shi, riɗinmu kuma Japan da Turkiyya na cikin masu saye. Abin da muke takawa a bakin gona, a wata ƙasar da dala ake auna shi.

AMANAR DA KE CIKIN RUMBU

Shin ko kun san akwai waɗanda suka mutu da yunwa suna gadin iri? Nikolai Vavilov na Rasha ya zagaya duniya yana tara iri, ya rasu a kurkuku a 1943. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Leningrad ƙawanya, wasu ma'aikatan cibiyarsa sun mutu da yunwa a tsakiyar buhunan shinkafa da gyaɗa, ba su ci ba. Yau cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000, an kuma kai kwafinsu rumbun ƙanƙara na Svalbard da ke Norway, wanda aka buɗe a 2008. Da yawansu daga hannun manoman Arewa da Nijar aka karɓo su.

Shin ko kun san iri hawa uku ne? Akwai na mai bincike, ɗan kaɗan ne. Daga shi ake haɓaka irin tushe. Daga irin tushe ake samun wanda aka tantance domin manomi, wanda Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa ke sa wa tambari. Hatsin da aka auno a kasuwa aka shafa masa jan launi bai zama iri ba. Ku duba tambari, ku duba ranar da aka ɗura, ku saya a wurin wanda za ku iya komawa gare shi.

Shin ko kun san za ku iya gwada iri a tsakar gida kafin ruwa ya sauka? Ku ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasan buhu, ku ƙirga ƙwaya 100. Ku jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ku naɗe, ku ajiye a inuwa kuna yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako guda ku buɗe ku ƙirga. In 85 ko fiye sun tsiro, alhamdu lillahi. In sun gaza 70, ku nemi wani tun da sauran lokaci. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

KAFIN MU RABU

Roƙona ga manoman Birnin Tudu, Bakura, Maradun da Mafara guda biyu ne. In malamin gona ya kawo sabon iri, ku ware masa kunya goma a gefen naku, ku yi musu aiki iri ɗaya, ku auna da tiya a kaka. Ku sa uwargida ta tuƙa, ku ji ko tuwon na kwana. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In sabon ya yi nasara, ku karɓe shi hannu biyu, amma ku bar wa tsohon ko da kunya biyar ce a kowace damina. Shinkafar da ke jure ambaliya a yau daga gonar wani talaka aka samo jininta, wanda ya ƙi yarda irin kakansa ya ɓace. Wataƙila maganin farin da jikokinmu za su fuskanta yana rataye yanzu haka a ƙololuwar wani rumbu a bakin gulbin nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiyar da za mu shiga gonakinmu da kwanciyar hankali.